Yadda Ake Neman Kuɗin Inshora Bayan Hatsarin Mota a Kumasi

Yawancin masu mota a Aboabo, Asawase, Sawaba da Tafo suna biyan inshora ne don kada ɗan sanda ya tare su a hanya. A manna sitika a gilashi, a manta da ita sai shekara ta zagayo. Ranar da tsautsayi ya faɗa, sai a tarar mutum bai san irin inshorar da ya saya ba, bai san inda ofishin kamfanin yake ba, lambar ejan ɗin da ya sayar masa ma ta tafi tare da tsohuwar waya. Kamfanin inshora kuwa ba ya biya don ka rantse, ko don an san ka mutumin kirki ne a unguwa. Takarda yake bi, kuma mafi yawan takardun nan a kwana ɗaya ko biyu na farko ake samunsu ko a rasa su.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Dokar 1958 ta wajabta wa duk motar da ke hawa titi a Gana inshorar ɓangare na uku, wadda kowa ke kira tad pati. Ita ce mafi araha, ita ce kuma a gilashin yawancin tasi da tirotiro, wato ƙananan bas na haya. Aikinta biyan wanda ka yi wa ɓarna: wanda ka buge, fasinjan da ya ji rauni a motarka, motar wani ko shagonsa. Motarka kuwa ko kwabo ba za ta samu ba. Akwai ta tsakiya, wadda ta ƙara gobara da sata a kai. Sai cikakkiya, wato kwamfirihensif, mai gyara motarka ko da kai ne da laifi.

Kafin komai, buga *920*57# a wayarka, ka sa lambar motar. Tun 2020 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NIC, ta tattara bayanan inshorar motoci a rumbu guda na intanet, don haka saƙon da zai dawo maka zai nuna ko inshorar tana raye da sunan kamfanin da ya bayar. Yi wannan yau, ba sai an yi hatsari ba. Sitikar bogi tana nan a gari, kuma akwai ejan da zai karɓi kuɗinka bai kai wa kamfani ba. Ƙa'idar da ake bi tun 2014 ita ce in kuɗin bai shiga ba, babu kariya.

A wurin hatsarin

Rai ne farko. Kashe inji, kunna fitilun gargaɗi, ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya da motar, musamman a hanyar Ejisu ko ta Techiman inda manyan motoci ba sa rage gudu. In akwai mai rauni kira 112, ko 193 don motar asibiti, ko 191 don 'yan sanda. Wanda ya yi kukan wuya ko baya kada a sunkuce shi a cusa a tasi, sai in wuta ce ke barazana. In mutum ka buge a ƙasa, ka ga jama'a sun fara taruwa da fushi, kada ka tsaya jayayya. Wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka miƙa kanka. Wanda ya yi haka bai gudu ba. Wanda ya tafi gida ya ɓoye mota shi ne ya gudu.

In ƙura ta lafa, ɗauki hotuna kafin a matsar da motocin. Mutane kan ɗauki hoton inda ya lotsa kawai, alhali wanda ya fi amfani shi ne na nesa: wanda ya nuna motocin biyu, layin titi, fitilar hanya ko shataletale, sawun birki, da inda gilashi ya zube. Inda tarkace ya zube shi ke nuna a hannun wa aka yi karon. Bayan haka sai na kusa: lambar kowace mota gaba da baya, sitikar inshora, sitikar lafiyar mota, lasisin ɗaya direban. Buga *920*57# ka sa lambar motarsa tun yana tsaye. Karɓi sunaye da lambobin mutum biyu da suka gani da idonsu. Mai shago ko mai shayin da kullum yana wurin ya fi mai wucewa, don gobe za ka same shi.

Ga inda mutanenmu suka fi faɗawa rami. Al'adarmu ce in abu ya faru a ce a yi haƙuri, wani dattijo ya shiga tsakani, mai laifi ya ce zai gyara, a watse. In ɗan ƙarce ne na fenti, ko madubi ya karye, sulhu ya fi, domin kuɗin bai kai wahalar ba. To amma a rubuta, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoton takardar. Amma in lagireto ya fashe, ko ƙafar mota ta karkace, ko wani ya ce kansa na ciwo, kada a sasanta a bakin titi. Ɓarnar da ake gani da ido ta kan zama rabin wadda bakanike zai gani in ya kwance bamba, kuma wanda ya ce maka "babu komai, Alhaji" yau yana iya kwana a asibiti jibi. Sannan yarjejeniyar inshorarka ta hana ka amsa laifi ko yin alkawarin biya ba da yardar kamfani ba. Ka yi jaje, ka taimaka a kai mai rauni asibiti, amma kada ka rubuta cewa laifinka ne.

Wurin 'yan sanda

Kai rahoto cikin awa 24. Sashen da ke kula da hatsarin mota shi ne MTTD. Za a ba wani jami'i binciken. Rubuta sunansa da lambar wayarsa, don shi za ka riƙa bibiya har ƙarshe. Zai je wurin tare da ku direbobin biyu, ya auna, ya zana taswira, ya ce ku sa hannu. Duba zanen da kyau kafin ka sa hannu: ina aka nuna wurin karon, ina kowace mota ta fito. In ba ka karanta Turanci sosai, tafi da wanda ya iya, ya karanta maka jawabinka kafin ka dangwala. Gyara kuskure bayan an rufe fayil aiki ne ja.

Daga nan ma'aikacin DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, zai gwada motocin, ya duba birki, sitiyari, taya da fitilu, ya rubuta abin da ya lalace da halin da motar take ciki kafin hatsarin. Shi ya sa ba a ɗauke mota a kai gareji kafin a sallame ta. Da zanen, da gwajin, da jawaban shaidu ake haɗa rahoton 'yan sanda, kuma rahoton nan shi ne ƙashin bayan duk neman da za ka yi. Ba ya fitowa rana ɗaya. Duk kuɗin da ka biya, nemi rasit. In rahoton ya fito, duba lambar mota, ranar hatsari da yadda aka rubuta sunaye. In an rubuta Mohammed a rahoto, Gana Kad ɗinka, wato katin shaidar ɗan ƙasa, kuma ta ce Muhammad, a daidaita tun a nan, don irin wannan ƙaramin abu yana tsayar da fayil makonni.

Sanar da kamfani tun ranar

Kada ka jira rahoton 'yan sanda kafin ka gaya wa kamfaninka. Kira su ranar, sannan ka bi da rubutu, ko imel ko wasiƙar da za su buga wa tambari su ba ka kwafi. Gaya wa ejan a WhatsApp kaɗai bai isa ba. Ko tad pati kake da ita, ko kana ganin ba ka da laifi, ka sanar, domin ɗaya ɓangaren zai iya zuwa ya nemi diyya a kanka. Duk wasiƙar lauya ko sammacin kotu da ya zo maka, miƙa wa kamfani nan take, kada ka amsa da kanka.

Za su ba ka fom. Abin da kan bi shi: kwafin lasisin wanda ke tuƙi a lokacin, takardar inshora, takardun mallakar mota, takardar lafiyar mota, Gana Kad, hotuna, ƙiyasin gyara daga gareji, da rahoton 'yan sanda. Wasu kamfanonin kan yafe rahoton in ɓarnar ƙarama ce, babu mai rauni, babu motar wani a ciki. Tambaya. Labarin da ka rubuta a fom ya zama daidai da wanda ka ba 'yan sanda. Kuma kada ka canza direba. Wasu kan ce su ne ke tuƙi alhali ƙaramin ƙane ne mara lasisi. In aka gano, an rasa kuɗin, ga kuma laifin zamba a kai.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagogin da kamfani ke nema sanannu ne. Lasisi ya ƙare, ko bai dace da motar ba, kamar mai lasisin B, na ƙananan motoci, a kan babbar bas. Direba ya sha. An loda fasinja fiye da kujerun da aka biya wa inshora. Mota mai farar lamba, inshorarta ta hawan gida, amma ana Bolt ko Uber da ita. Wannan ta ƙarshe ta yi yawa yanzu, kuma maganinta ɗaya ne, ka gaya wa kamfani aikin da motar take yi tun ranar sayen inshora, ka biya bambancin. Akwai kuma matsalar suna. Mutum ya sayi mota shekara uku bai je DVLA an mayar da ita sunansa ba, inshora na ta tafiya da sunan tsohon mai ita. Ranar biya, sunan da ke takarda za a rubuta wa cek. Haka yake a tsarin nan na aiki-ka-biya da direbobin tasi ke yi: muddin ba a gama biya an canza suna ba, mai motar ne zai nema, don haka a yi maganar tun ana shiri da juna.

Kada guduma ta taɓa motar

Wannan ga mai kwamfirihensif ne, da wanda zai nemi kamfanin ɗaya direban. Suame Magazin, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, tana kusa, mai gyaran jiki zai ce maka kwana uku ya gama, kai kuma motar ce abincinka. Daure. Sai injiniyan kamfani ya zo ya ga ɓarnar da idonsa, ya amince da ƙiyasi a rubuce, sannan a fara aiki. In ya tarar an buga, an shafa, an fesa fenti, ba shi da abin aunawa, kuma kamfani na da hujjar ƙin biya. Abin da aka yarda ka yi shi ne kare motar daga ƙarin lalacewa: a ja ta zuwa wuri mai tsaro, a rufe ta da tamfol. Ajiye rasit ɗin motar janwe. In ruwan lagireto ko baƙin mai ya zube, kada ka tuƙa ta ko da nan da can ne, don injin da ya ƙone bayan hatsari ba ya cikin lissafinsu.

Ƙiyasin ya zama a kan takardar gareji mai suna da tambari, kowane abu da layinsa: bamba nawa, fitila nawa, bonet nawa, kuɗin aikin jiki, kuɗin fenti, kuɗin mai waya. Ƙiyasin dunƙule na "gyaran gaba, sidi 25,000" shi injiniya ya fi saurin zaftarewa. Ranar da zai zo ka kasance a wurin tare da bakanikenka. A nuna masa abin da ke ɓoye: ƙarfen bayan bamba, kwandensan AC, kujerar inji, shasi in ya motsa, jakar iska in ta fashe. In an kwance an ga sabuwar ɓarna, a tsaya, a ɗauki hoto, a kira shi ya sake dubawa. Kayan da aka cire a ajiye, kamfani na iya nema. In ya sa farashin da ba a samun kayan a kai, kawo masa rubutaccen farashi daga shago biyu ko uku a Magazin, ko daga kasuwar kayan mota ta Abossey Okai in sai an aiko daga Accra. Da takarda ake ja da su, hayaniya ba ta ƙara ko sidi ɗaya.

Dalilin da kuɗin ke zuwa ƙasa da zato

Inshora mayar da kai take yi inda kake kafin hatsari, ba ta sabunta maka mota. Abu uku ke rage kuɗin. Na farko ekses, wato kason da kai za ka ɗauka a kowace ɓarna. Yana rubuce a takardarka, na motar haya ya fi na motar gida, kuma ana iya sayensa tun farko don kada a cire. Na biyu ragin tsufa, a kan abubuwa irin taya da batir, in an sa sabo a madadin wanda ya ci rabi. Na uku shi ne mai zafin, wato sa wa mota darajar da ba ta kai ta kasuwa ba don kuɗin shekara ya yi sauƙi.

Ga misali. A ce motarka ta kai sidi 120,000 a kasuwa, amma ka yi mata inshorar 80,000. Kashi biyu cikin uku ka rufe. An amince gyara zai ci 30,000, sai kamfani ya biya kashi biyu cikin uku, 20,000. In ekses ɗinka kashi 10 cikin 100 ne, a cire 2,000. Za ka tashi da 18,000, sauran 12,000 daga aljihunka. Da yadda farashin mota ke bin dala, wanda bai sake duba darajar motarsa ba duk shekara yana iya faɗawa cikin wannan bai sani ba.

In kuɗin gyara ya kusa darajar motar, za su ce ta mutu. Za a biya darajarta ta kasuwa kafin hatsari ko adadin da ke takarda, wanda ya fi ƙanƙanta, gawar motar kuma ta zama tasu. In kana sonta, za a kimanta a cire daga kuɗinka. Ka tuna kuma neman biya yana taɓa rangwamen da ake yi wa wanda ya shekara bai nemi komai ba. In ɓarnar ba ta wuce ekses da yawa ba, lissafa kafin ka cike fom.

In ɗaya direban ne da laifi

Kana da tad pati, an buge ka. Ƙofarka ita ce kamfaninsa. Rubuta musu wasiƙar neman biya, haɗe da rahoton 'yan sanda, hotuna, ƙiyasi da takardun motarka. Za su so jin ta bakin mutuminsu, kuma in ana gardamar laifi suna iya jiran hukuncin kotu. Abin da mutane ba su sani ba shi ne biyan ɓarnar dukiya a tad pati yana da iyaka, kuma iyakar da aka saba sawa ba ta da yawa, fitilu da bamba na babbar mota kaɗai sun isa su cinye ta. Abin da ya haura, mai motar da direbansa za ka bi, ta sulhu ko ta kotu. Wannan ya sa duk mai tad pati ya kamata ya tambayi kamfaninsa nawa ne ƙara wannan iyakar. In kana da kwamfirihensif, hanya mafi sauri ita ce kamfaninka ya gyara, shi ya bi nasu. In kuma motar daga Togo ko Najeriya ta shigo, ɗauki hoton takardar inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, don ta ofishinta na Gana ake bin irin wannan.

Rauni da rasuwa

A nan babu waccan iyakar ta dukiya, kuma a nan aka fi barin haƙƙi. Fasinjan tirotiro, mai tafiya a ƙasa, mai talla a bakin titi, duk suna da haƙƙin nema daga kamfanin motar da ke da laifi, ko da ba su taɓa sayen inshora ba. Karɓi fom ɗin asibiti daga 'yan sanda, likitan da ya duba ka ya cike. Tabbatar sunanka ya shiga jerin waɗanda suka ji rauni a rahoto. Ko a Komfo Anokye aka kwantar da kai ko a Manhyia, tara kowane rasit, na magani, na hoton ƙashi, na tiyata, da hotunan raunin. Da yawa kan ɗauke mai karaya daga asibiti zuwa wurin mai ɗori kafin a rubuta komai. Kowa da zaɓinsa, amma mai ɗori ba ya ba da rahoton da kamfani zai karɓa, don haka a bari a ɗauki hoton ƙashi a buɗe fayil tukuna, a kuma riƙa komawa ana dubawa.

Kada ka yi gaggawar sa hannu a takardar sallama ta kamfanin inshora, wadda ke cewa an biya ka an gama. Rahoton ƙarshe na likita, wanda ke faɗin kashi nawa na naƙasa ya rage a jiki, shi ake lissafin diyya da shi, tare da shekarunka da abin da kake samu. In ka sa hannu ka karɓa, an rufe maganar, ko ƙafar ta sake tashi bayan wata shida. Ɗan kasuwar da ba shi da takardar albashi ya tanadi littafin ciniki ko bayanin MoMo, wato asusun kuɗi na waya. In lauya za ka ɗauka, a rubuta kasonsa tun farko, kuma ka yi hattara da masu zagaya gadajen asibiti suna cewa za su karɓo maka. Shari'ar rauni ko rasuwa tana da wa'adin shekara 3.

In rasuwa aka yi, Allah ya jiƙan musulmi, hankalin dangi yana kan a yi sutura da wuri, kuma haka addini ya koyar. Amma mutum ɗaya a cikin dangi ya tsaya a kan takardu: takardar dalilin rasuwa ko sakamakon binciken gawa, izinin binnewa, sannan takardar shaidar rasuwa daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Bayan sadakar uku ko ta bakwai, a zauna a zaɓi waɗanda za su nemi takardar kula da gado daga kotu, domin kamfani ba zai miƙa kuɗi ga wanda ya ce shi ne wa ko kawu ba sai da ita. A haɗa shaidar aure da takardun haihuwar yara. Kuɗin gaisuwa da mai mota ya kawo wurin zaman makoki a karɓa a matsayin gaisuwa, kada a sa hannu a wata takarda da ke cewa an yafe komai sai magada sun san abin da suke yafewa.

Wanda ya buge ya gudu, ko aka tarar ba shi da inshora, ba a rasa duka ba. NIC tana da asusun diyya na musamman don irin waɗannan, na rauni da rasuwa kawai, ban da gyaran mota. Abin da ake bayarwa bai kai na kamfani ba, kuma shi ma sai da rahoton 'yan sanda da na likita.

In kamfani ya yi shiru ko ya ƙi

Tun ranar farko karɓi lambar fayil da sunan ma'aikacin da ke riƙe da shi. Duk takardar da ka kai, kwafi za ka bayar, a sa maka hannu da kwanan wata a naka. In sun ce ba za su biya ba, ce su rubuta dalili, su nuna sakin layin yarjejeniyar da suka dogara da shi. Da wannan wasiƙar za ka fara zuwa wurin shugaban sashen biya na kamfanin. In ba ta warware ba, ƙungiyar kamfanonin inshora ta Gana tana da ofishin karɓar koke, sannan akwai NIC kanta, wadda ke da ofishi a nan Kumasi, ba sai ka je Accra ba. Tafi da fayil ɗinka a jere bisa kwanan wata, da takarda guda a sama mai faɗin ranar hatsari, ranar da ka sanar, abin da ka nema, da amsar da aka ba ka.